Dutsen Daso

Motar Haɗeja ta sauke mu rana ta take,
ni da jikata Rakiba,
da ƙullin gyaɗa, da ciwon gwiwa.
Kogin ya ja da baya, kachala ta cinye mashigi,
kwale-kwale uku kife a kan yashi
kamar ƙoren da aka wanke aka manta.

Gidan Sarkin Ruwa yanzu kuɗi ake biya.
Babba ɗari biyu, yaro ɗari.
Wani matashi, Tsalha, makullai rataye a wuya,
ya yago mana takarda,
ya ce mu tuɓe takalmi,
alhali babu wanda za a faɗi a gaisar.

Soro na farko: tambari mai tsagaggiyar fata,
zagon da aka ce ya taɓa kayar da dorina,
gorar su, homa, ƙashin kan giwar ruwa
wanda Rakiba ta auna da hannu biyu ta kasa.
Soro na biyu: alkyabba a akwatin gilashi,
asu ya ci rabonsa ya bar wa masu kallo saura.
Ga hoton Bature da hular kwano
yana tsaye, sarki na zaune,
duk su biyun rana ta kashe musu ido.
Tsalha na jero sunaye kamar mai tilawa,
wane ya haifi wane, wane ya shekara talatin,
jemagu na amsa masa daga azara.

Sai muka ɓulla ta baya,
inda rufi ya faɗa, tumfafiya ta gaji ɗakin.
Can jikin bango, kusa da fasasshiyar randa,
dutsen niƙa.
An liƙa masa 'yar takarda:
“Kayan aikin gida. Ba a san mai shi ba.”

Ni na sani.
Ga ɓallin nan a kusurwar hagu,
tun shekarar ambaliya, da aka ɗauke shi a guje ya suɓuce.
Daso ta ba ni labari tana tsefe mini kai,
Daso, uwar uwata,
wadda aka kawo gidan nan tana 'yar bakwai
tare da kwando huɗu na bandar tarwaɗa,
aka ƙirga kwanduna aka rubuta,
ita ba a rubuta ba.
Kwarmin da ke tsakiyar dutsen nan
ba magini ya yi shi ba.
Shekara arba'in na gero ne, asuba bayan asuba,
har tafin hannunta ya daina jin zafin tukunya.
Duk wanda Tsalha ya lissafa a soro
tuwonta ya ci ya yi mulki.

Na durƙusa. Gwiwa ta yi ƙara.
Na ɗora hannu a kan ɗan dutsen, yana da ɗumi,
na san rana ce, amma na bar shi a haka.
“Hajiya, ba a taɓawa.”
Na ce, ɗan nan, an taɓa.

Rakiba ta ciro biro daga jakar makaranta.
A bayan takardar ɗari biyun
na sa ta rubuta harafi huɗu, manya.
Tsalha ya karɓa, ya duba gaba, ya duba baya,
ya ce sai ya tambayi na sama da shi,
ya ninke ta ya sa a aljihun gaba,
inda yake ajiye canji.

A waje injin markaɗe na ta ruri,
yara sun jera robobi a layi.
Muka sayi soyayyar karfasa ta ɗari uku,
muka zauna a kan kifaffen jirgi muna jiran mota.
Rakiba na cire ƙaya, ba ta dube ni ba,
ta ce, “Kaka, ita Dason,
wa yake niƙa mata nata?”